Katakon da ya kusa karya min ƙugu a Manchester

Ni fa ɗan Kano ne, in ka ce min katako zai lalace abu ɗaya ne ke zuwa min a rai, gara. Shi ya sa da muka tare a gidan nan na Manchester na ga dandamalin katako a lambun baya, wanda suke ce wa dekin, na leƙa ƙasansa ban ga gara ba sai na ce shikenan lafiya lau. Ashe a Ingila ruwa ne garar.

Wata safiya a watan Nuwamba na fita kwaso shanya, taku biyu kawai na yi sai gani na a ƙasa, silifas ɗaya can ɗaya nan. Maman yara ta leƙo ta taga tana "sannu Baban Abba" amma wallahi dariya ce cike da bakinta. Da na duba sai na ga gansakuka ce ta bi katakon ta yi kore shar, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, ga ganyen bishiya ya cushe duk tsakanin katakan ruwa ya rasa hanyar wucewa.

Katakon namu zalla ne, ba a dura masa magani ba, don wanda aka dura wa za ka gan shi da ɗan kore-kore saboda sinadarin jan ƙarfe da ke ciki. Tunanin farko da ya zo min irin na gida ne, in samo baƙin mai a gareji in laɓta masa yadda kafintocinmu ke yi wa katakon rufi, ko dai Solignum in da kuɗi. Maƙwabcina wani dattijon Bature ya ce kar in soma, baƙin mai zai zurare cikin ƙasa ya kashe shuka, ga yara na yawo a wajen ba takalmi, kuma ko kiriyosot, wani baƙin maganin katako da suke shafawa a da, tun 2003 aka hana sayar wa mutanen gida. Toh na haƙura.

Dole na jira har watan Mayu, domin man dekin da zan shafa ba ya shiga jiƙaƙƙen katako, kuma samun kwana 3 a jere ba ruwa a garin nan sai da addu'a. Na fara da tsohuwar wuƙa na sassaƙe dattin da ke tsakanin katakan, tazarar nan ta kamar milimita 5 ba don ado aka bar ta ba, hanyar ruwa ce da iska. Sannan burushi mai tauri da ruwan sabulu ina gogawa ta tsawon katakon. Injin feshin ruwa ya fi sauri amma in ka matsa kusa yana tayar da gashin katakon ya zama kamar soso, sai ya ƙara shan ruwa. Da ya bushe na bi wuraren da suka yi kaushi da samfefa, na ɗiga ruwa na ga ya shige nan take, alamar zai karɓi mai kenan.

Fenti kam ban ba kowa shawara ba, shi da banish a sama suke zama, ruwa na samun ƴar kafa ya shiga ƙasansu sai su fara ɓarewa kana ji kana gani. Man dekin shi ciki yake shiga. Shafi biyu na yi marasa kauri, na fi ba bakin katakon ƙarfi, wato inda zarto ya yanka, nan ne yake zuƙar ruwa kuma nan ruɓa take farawa. Af, tsumman da ka goge mai da shi kar ka dunƙule ka jefa a shara, irin man nan yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta da kansa, shimfiɗa shi a waje ya bushe tukuna.

Katako biyu dai ban cece su ba, na ƙarƙashin tukwanen fulawar Maman yara, na danna sukundireba ta shige kamar cikin burodi. Na canza su, tukwanen kuma yanzu a kan bulo suke, Abba kuma shara duk Asabar, har yanzu muna ciniki a kan fam ɗaya ko biyu.