Maganar mod a fiyano, da inda waƙa take sauka

Tambayar da ƙannena masu koyon fiyano suka fi yi min a kan mod, wato irin jerin sautukan da waƙa take bi gwargwadon sautin da ta mai da wurin saukarta, ita ce, to yaya, idan Doriyan ɗin D fararen madannai ne zalla, C mejo ma fararen madannai ne zalla, meye bambancinsu? Kuma wallahi tambaya ce mai kyau, don yadda ake koyar da abin a yawancin bidiyoyin intanet shi ke jawo ruɗanin. Sai a ce maka fara daga C ka hau har C wannan Ayoniyan, daga D zuwa D Doriyan, daga E Firijiyan, daga F Lidiyan, daga G Miksolidiyan, daga A Eyoliyan, daga B Lokiriyan, shi ke nan an tashi darasi. Ba ƙarya aka yi ba, lissafin daidai yake. Amma ka zauna ka buga su ɗaya bayan ɗaya sai ka ji duk abu ɗaya ne, do re mi ɗin nan dai da ka sani ce ka faro ta daga tsakiya. Kunnenka lafiyarsa ƙalau, akwai abin da ba a faɗa maka ba ne.

Bari mu fara da shi mejo ɗin tunda da shi ake auna sauran. Ka kalli fiyanonka, tsakanin kowane farare biyu akwai baƙi in ban da wuri biyu, tsakanin E da F babu, tsakanin B da C ma babu. Inda akwai baƙi a tsakani cikakken taki ne, inda babu rabin taki ne. To daga C zuwa C tafiyar ita ce cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi, kuma wannan jerin shi ne mejo, ko daga ina ka taso da shi. Rabin takin nan guda biyu, mi zuwa fa da ti zuwa do, su suke ba sikel ɗin kamanninsa, musamman ti ɗin nan da in ka tsaya a kansa ranka ba zai kwanta ba sai ka ƙarasa do.

Ni yadda nake ɗaukar abin, sautukan bakwai ɗin nan mutanen gida ɗaya ne, abin da yake canzawa shi ne wa ye maigida. A mejo C ne maigida, kowa ya gama yawonsa wajensa yake dawowa. A Doriyan mutanen suna nan yadda suke amma D ne maigida, kuma da hakan ta faru matsayin kowa ya canza. F da a da shi ne na huɗu yanzu ya koma na uku, taki ɗaya da rabi kacal tsakaninsa da D, shi ya sa kake jin launin maino. Rabin takin ma sun matsa, yanzu suna tsakanin na 2 da na 3, da kuma na 6 da na 7. Sai dai kunne ba ya karɓar D don kawai ka fara da shi, mun saba da do re mi sosai har ta zauna mana a ka, dole sai ka matsa masa. Ka sa hannun hagu a D da A can ƙasa ka danne su kada ka ɗaga, in da hali ka zaɓi murya mai ja irin ta sitirin ko ogan, hannun dama kuma ya yi ta yawo a farare yana dawowa D yana hutawa a can. Kafin ka ankara za ka ji C ya daina zama wurin sauka, ya zama sautin da ake bi ta kansa a wuce. To a lokacin ne ka fara jin Doriyan.

Hanyar da ni na fi so kuwa, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya zo, ita ce kada ma ka bar C. Ka danne C da hagu, ka riƙa canza sauti ɗaya ɗaya a dama. Fara da C D E F shaf G A B, Lidiyan kenan, F shaf ɗin shi ne baƙin da ke rabin taki sama da F. Sauke F shaf ɗin ya dawo F, ka shigo mejo ɗinka na kullum. Sauke B da rabin taki zuwa B filat, Miksolidiyan. Ƙara sauke E zuwa E filat, Doriyan. Sauke A, Eyoliyan, wato maino ɗin da kowa ya sani. Sauke D, Firijiyan. Sauke G, Lokiriyan. Duk sauti ɗaya da ka sauke sai ka ji haske ya ragu, duhu ya ƙaru, kuma a nan ba mai ce maka ai duk ɗaya ne don da kunnenka kake jin inda aka taɓa. Wani abin da har yau yake burge ni, in ka ci gaba ka sauke shi C ɗin kansa da rabin taki ya koma B, Lidiyan ne zai sake fitowa a kan B, zagayen ya dawo farko.

Doriyan ne nawa a cikinsu, ba zan ɓoye ba. Sauti ɗaya tak ya raba shi da maino, na shida. A D maino akwai B filat, a D Doriyan B ɗin fari ne. Ka buga kod ɗin D maino, wato sautuka ukun nan da ake dannawa tare, sai G maino, za ka ji baƙin ciki mai nauyi irin na wanda ya sallama. Yanzu ka buga D maino sai G mejo, yatsa ɗaya kawai ka matsar, amma damuwar ta zama ta mai sauran ƙarfi a jiki, har kana iya sa mata kiɗan rawa ta zauna daidai. Kod biyun nan kawai, ka yi ta juya su, sun ishe ka waƙa guda. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ƙara F a kan G ɗin ka daɗe a kai sannan ka faɗa C mejo da ƙarfi a farkon bugu, don wannan ita ce babbar hanyar da mejo yake komawa gida, kana bin ta kunne zai ce ashe dai C ne, duk aikin da ka yi wa D ya rushe. Yawancin masu cewa sun gwada mod bai yi musu ba nan suke zamewa, hannunsu ya saba da wannan saukar sai ya kai su ba su sani ba.

Miksolidiyan kuma mejo ne da aka cire masa ti ɗin nan mai ja, aka sauke shi ƙasa. In G ne wurin saukarka, ka buga G mejo, ka sauko F mejo, ka koma G. Akwai fara'a amma babu gaggawar nan ta a rufe magana, shi ya sa waƙa take iya yin ta zagaye a kai ba a gaji ba, kuma masu rok da bulus na Amurka da Ingila sun sha ruwansa sosai. Firijiyan shi daga sauti na biyu kake gane shi, rabin taki ne kawai sama da na farko, E sai F a manne da shi. Wannan mannewar ita kake ji a jitar filamenko ta kudancin Sifaniya. Lidiyan na huɗunsa ne a sama, F mejo sai G mejo alhali F yana danne a ƙasa, sai ka ji kamar ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, masu kiɗan fim suna son sa a wurin mafarki ko mamaki. Lokiriyan ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, kod ɗinsa na farko B D F ne, shi kansa ba a zaune yake ba balle a sauka a kansa, ka san shi dai ka wuce.

Sunayen nan daga Girka ta dā aka aro su, na ƙabilu ne da yankuna, Firijiya da Lidiya ma a ƙasar Turkiyya ta yau suke. Amma malaman cocin Turai da suka ɗauko sunayen sun liƙa su ne a kan sikel ɗin da ba su Girkawan suke nufi ba, don haka Doriyan ɗin da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya yaba ba shi ne namu na yau ba. Abin da ya fi muhimmanci a tarihin shi ne, waƙoƙin coci sun yi ɗaruruwan shekaru a kan mod takwas, tushensu D da E da F da G, kowane tushe da mod biyu, babu mejo a lissafin. Sai a 1547 wani malami ɗan Siwizalan, Heinrich Glarean, ya fitar da littafinsa a Basel ya shigar da Ayoniyan da Eyoliyan, su ma kowanne biyu biyu, adadin ya kai 12. Kun ga kenan mejo da muke cewa uban kowa, a tsarin malaman nan daga baya aka ba shi kujera. Muna auna sauran da shi ne don shi muka fi sani, ba don daga cikinsa aka haife su ba.

A jaz ma abin ya dawo da ƙarfi a 1959 lokacin da Miles Davis ya fitar da Kind of Blue. Waƙar farko a faifan, So What, ba ta da tarin kod ɗin da aka saba, gaɓa 16 a D Doriyan, 8 a E filat Doriyan, sai 8 a koma D, iyakarta kenan, kuma a kan wannan ɗan filin John Coltrane da Cannonball Adderley suka baje basirarsu. In kana da data ka nema ka saurara da iyafis, ka sa kunne inda ake hawa rabin takin nan da inda ake dawowa.

Mu nan kuwa da muka tashi da finafinan Indiya, kunnenmu ya san mod tun kafin mu ji sunansa. Bhatkhande, masanin kiɗan Indiya wanda ya rasu a 1936, ya tsara kiɗan arewacin Indiya cikin manyan sikel 10, kuma shida a ciki sun yi daidai da waɗannan, Bilawal shi ne mejo, Kalyan Lidiyan, Khamaj Miksolidiyan, Kafi Doriyan, Asavari maino, Bhairavi kuma Firijiyan. Raga dai, wato tsarin da suke gina waƙa a kansa, ya fi sikel faɗi, yana da ƙa'idar hawa da sauka da sautin da ake jaddadawa, amma ku duba yadda suke koyo, tanpura, wani abin kiɗansu mai tsirkiya, tana ta riƙe da sautin farko da suke kira sa daga farko har ƙarshe ba ta motsi, sauran sautukan ne ake ɗagawa ana saukewa. Abin da na ce ku yi da hannun hagu kenan. Shi ya sa in mawaƙi ya shigo situdiyo da wani amshi mai ƙamshin Indiya a bakinsa, sau da yawa za ka tarar na biyunsa a sauke yake, in ka tilasta masa kod ɗin mejo ko maino na kullum sai ka ji kiɗa da murya suna ta karo, a ce mawaƙin ne bai hau ki ba alhali kai mai fiyano ne ba ka bi shi ba. Kuma madannin taransfos ba ya gyara wannan, shi ɗaga komai yake yi ko ya sauke gaba ɗaya, jerin takin yana nan yadda yake.

Larabawa su ma suna da nasu tsarin na maƙamai, Ajam ya yi kusa da mejo, Nahawand da maino, Kurd da Firijiyan, amma irin su Rast da Bayati akwai sautin da yake faɗawa tsakanin fari da baƙi, fiyano na yau da kullum ba shi da shi sai in naka yana da wurin gyara tiyunin. Kiɗanmu na gargajiya kuma da na Sudan galibi sun fi zama a kan sauti biyar, kuma a can ma maganar ɗaya ce. Ka gwada a baƙaƙen madannai zalla, su biyar ne, ka danne F shaf da hagu ka yi yawo a dama, sannan ka canza ka danne E filat ka sake yin yawon nan dai ba tare da ka taɓa fari ko ɗaya ba. Na farko zai fito maka da fara'a, na biyu da nauyi. Saura uku, A filat da B filat da D filat, su ma kowanne ka ba shi nasa lokacin, kuma ka riƙa ɗauka a waya kana saurara daga baya, don lokacin da hannu yake aiki kunne ba ya cika ji da kyau.