Sha'ab Rumi, tekun Sudan, Talata, Maris 2022

Jirginmu na masu nutso a teku ya kwana a cikin tafkin da murjani ya kewaye, inda ruwa yake kwance, amma ya yi ta juyawa a kan igiyarsa cikin dare. Shi ya sa sai da aka duba kamfas kafin sallar asuba. Makka tana arewa maso gabas da nan, a ƙetaren Bahar Maliya, kuma inda aka fuskanta jiya da isha'i yau ya koma hagu. Ƙarfe biyar da kwata aka kaɗa ƙararrawa. Shayi, biskit, ruwa kofi biyu dole, sannan kowa ya zauna gaban allo a ji bayani.

Yau tsakiyar tafiya ce, kuma irin wannan rana ta fi kowace buƙatar sa ido. Ranar farko kowa yana ɗari-ɗari, yana duba kayansa sau biyu. Zuwa tsakiya an saba, an fara sakaci, jiki kuwa ya tara gajiya da naitirojin. Kowane nutso bashin naitirojin yake bari a jiki, iskar da in ta yi yawa take zama kumfa a jini. Hutun da ake yi a sama yana rage bashin, amma mai shiga ruwa sau uku ko huɗu kullum ba ya gama biya kafin ya ci wani. Ɗakin matsin iska da ake kwantar da wanda kumfa ta kama jininsa kuma ba nan kusa yake ba. Don haka dokar jirgin ba ta canzawa: kada a wuce mita 30, kada a bar kwamfutar hannu ta nuna ƙasa da minti biyar na lokacin da ya rage a zurfi, kuma nutso mafi zurfi shi ake fara yi da safe.

Kafin a saka kaya, kowa ya auna iskar silindarsa da kansa, ya rubuta a littafi, ya sa hannu. Naitiroks muke amfani da shi, wato iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin 100 maimakon 21. Amfaninsa a bayyane yake: a mita 30 iskar da aka saba tana ba mutum kusan minti 20 kafin ya shiga halin da dole ya tsaitsaya a hanyar fitowa, naitiroks 32 kuwa yana kai shi kusan minti 30. Illarsa ita ce yana da iyakar zurfi, mita 33 da ɗoriya. Wanda ya zarce, oksijin ɗin na iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, bakin regileta, wato abin da yake shaƙar iska da shi, ya fice masa, ruwa ya shiga. Yau silinda uku a jere suka nuna 29. Ba iskar ce ta canza ba, na'urar aunawar ce ba a daidaita ba. Aka riƙe ta a sarari har ta tsaya a 20.9, aka sake gwadawa, duk suka nuna 32. Duk safiya da daidaitawar ake farawa, kuma a hankali ake buɗe silindar a bakin na'urar, domin iska mai ƙarfi tana sa ta ƙara lamba.

Zoben robar bakin silinda ɗaya ya fashe da aka buɗe, ƙarar ta firgita rabin jirgi. Minti ɗaya aka canza shi. Yawanci yashi ko gishirin da ya bushe a gurbin ne ke jawo haka, ko kuma an ɗaura regileta a karkace.

Ƙarfe shida kwale-kwalen roba ya sauke mu a kudancin dutsen murjanin. A nan akwai wani shimfiɗaɗɗen tudu a ƙarƙashin ruwa, yana farawa daga mita ashirin da wani abu, yana gangarawa, sannan ya yanke zuwa zurfin da ido ba ya kaiwa. Ruwa yana ja sosai a wurin, don haka ba a tsayawa a sama ana gyara gilashi. An zazzage iskar falmaran, rigar da ake hura wa iska don a yi sama, tun a cikin kwale-kwale, aka ƙirga uku, kowa ya faɗa ta baya, kai ƙasa, sai a mita biyar aka haɗu aka ba juna alama. Wanda ya ɓata minti ɗaya a sama, ruwa zai ɗauke shi ya wuce tudun, kuma ba ya iya dawowa da ƙarfin ƙafa.

A gefen tudun aka kwanta kusa da ƙasa, inda jan ruwan ya fi sauƙi. Shak masu ruwan toka suna ta kai da komo a bakin gangaren, garken barakuda yana juyawa a sama. Can cikin shuɗi, ƙasa da mu, shak masu kan guduma suka bayyana, suka ɗan karkata jiki, suka wuce. A daidai nan mutane suke karya doka. Kifin yana mita 40, mai kamara yana son ya matsa, ruwan garau ne har ba a jin ana sauka. Dabarar ita ce a zauna wuri ɗaya a rage motsi. Masu kan guduma suna da tsoro, wanda ya bi su yana fesa kumfa shi ke korar su, ya hana kowa gani.

Lissafin iska a wannan zurfi ba ya da wuya, amma sai an yi shi tun a sama. Silinda mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da lita 2,400. Bar 50 na ajiya ne, ba a taɓa shi, saura lita 1,800. Mutumin da yake shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama, a mita 30 lita 80 yake sha, domin matsin ya ninka huɗu. Ke nan minti 22 ne kacal idan ya zauna a can, ba tare da an cire na hawowa ba. In ya yi kokawa da ruwa ko ya tsorata, abin na iya raguwa zuwa rabi. Shi ya sa da allura ta kai bar 100 ake barin gangaren a koma jikin bangon murjani, a ci gaba da kallo a mita 15 zuwa 10. Hawowa kada ya wuce mita tara ko goma a minti. A mita biyar aka tsaya minti uku don jiki ya rage naitirojin, na ce a ƙara biyu tunda iska ta isa. Jagora ya hura doguwar balan-balan ta alama daga ƙasa, direban kwale-kwale ya gan ta ya zo ya jira.

Mutum ɗaya ya kasa tsayawa a mita biyar, sai ƙafafunsa suna sama yana ta fama. Dalilinsa nauyi ne. Iskar da ya shaƙe ta fi kilo biyu, don haka silindar ta yi sauƙi a ƙarshe, ga rigar roba tana komawa kaurinta idan an matso sama, ga Bahar Maliya da ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita maimakon 35. Dalmar ƙara nauyi da ta ishe shi a wani teku ba za ta ishe shi a nan ba. An ƙara masa kilo biyu, aka gwada shi a gefen jirgi da silinda mai bar 50 da falmaran babu iska: idan ya riƙe numfashi na daidai, ruwa ya tsaya masa a ido, idan ya fitar ya nitse a hankali.

Karin kumallo ful ne da ƙwai da burodi. Mai girkinmu Bahaushe ne haifaffen Port Sudan, ya ce kakanninsa hanyar aikin hajji ce ta kawo su suka zauna. Yana zagayawa da tulun zoɓo mai sanyi, wanda a nan ake kira karkade, yana cewa, "Malam, sha dai, ruwan teku ba ya kashe ƙishi." Gaskiyarsa. Iskar silinda busasshiya ce ƙaf, zama cikin ruwa yana sa yawan fitsari, rana kuma tana ɗiban nata, kuma jikin da ya bushe ya fi saurin kamuwa da ciwon kumfa. Lita uku a yini shi ne mafi ƙaranci. Launin fitsari ya ishi mutum ma'auni.

Yayin da baƙi suke barci, kwamfuresa, injin cika silinda, tana aiki. Mai ba da lita 250 a minti tana cika silinda daga 50 zuwa 200 cikin minti bakwai ko takwas. Duk bayan minti goma zuwa sha biyar ana buɗe famfon ƙasa a zubar da ruwa da man da suka taru. Matatar kuma a zafi irin na nan ba ta kai awannin da take kaiwa a ƙasar sanyi, don haka ana rubuta awanninta a bango. Silindar da ta nuna 210 tana da zafi, in ta huce za ta sauko kusan 195, sai a ƙara mata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakin tiyon da yake zuƙo iska. A saman jirgi yake, ta inda iska ke fitowa, nesa da hayaƙin janareta. Wajen ƙarfe tara wani jirgi ya zo ya ɗaure a gabanmu, hayaƙinsa yana biyo iska kai tsaye. An kashe kwamfuresa sai da kyaftin ya yi magana da nasu suka matsa. Gubar da ke cikin hayaƙin inji ba ta da wari, kuma abin da ba zai dami mutum a sama ba, a mita 30 ninki huɗu yake shaƙa. Idan mutane biyu ko uku suka fito da ciwon kai lokaci guda, iskar ake fara tuhuma.

Nutso na biyu, bayan hutun awa uku, a jikin bangon gabas, mita 22. Babu abin da ya faru.

Da azahar wata baƙuwa ta ce kunnenta na ciwo. Kunne shi ne abin da ya fi raba mutane da nutso a irin wannan tafiya, kuma ciwon iri biyu ne. Idan an ja leɓen kunnen ko an danna ɗan guringuntsin da ke gaban ramin ya yi zafi, fatar ramin ce ta jiƙe ta kumbura saboda kwanaki ba ta bushe ba. Idan kuma ciwon yana can ciki, da jin kamar an toshe, matsi ne ya taɓa bayan dodon kunne, saboda an sauka da sauri ba a hura hanci don daidaita matsin a kan lokaci ba. Nata na farko ne. Ta huta yau, ta riƙa ɗauraye kunnen da ruwan daɗi tana busar da shi, kada ta sa tsinken auduga. Da na biyu ne, ba a ɗiga komai a ciki sai likita ya tabbatar dodon bai huje ba. Na kuma hana wani shan maganin buɗe hanci don ya samu ya shiga. Maganin na iya sakinsa yana ƙasa, hanyar ta toshe, iskar da ke cikin kunne ta kumbura yana hawowa ta rasa mafita. Na'urar sanyaya ɗaki da ake barin ta a ƙure duk dare tana iya jawo irin wannan toshewar hanci.

Na uku, ƙarfe biyu da rabi, shi ne wanda mutane da yawa suka biya kuɗinsu dominsa: ragowar ƙauyen da Jacques Cousteau, Bafaranshe, ya kafa a ƙarƙashin ruwa a 1963, a wajen tafkin ta yamma. Mutanensa sun yi wata guda a wani gida a zurfin mita 10, biyu daga cikinsu kuma suka yi mako a wani ƙaramin ɗaki a kusan mita 30. An kwashe gidajen, amma garejin ƙaramin jirginsu na nutso yana nan tsaye a kan ƙafafunsa, kubba ce ta ƙarfe da murjani ya lulluɓe. Ta ƙasa ake shiga, mutum biyu ko uku a lokaci guda. A can sama cikin kubbar akwai sararin iska, mutum zai iya fito da kansa daga ruwa, amma kada ya kuskura ya cire regileta. Numfashin da masu nutso suka fitar ne ya taru a wurin, ba a san yawan oksijin ɗin da ya rage a ciki ba. Ƙarfen ya yi tsatsa yana yanka, hannu a naɗe a ƙirji ya fi. Nutso ne mai sauƙi, kuma da gangan aka ajiye shi la'asar, lokacin da jiki ya riga ya ɗauki kaya.

Rana ta faɗi kafin ƙarfe shida. Nutson dare a cikin tafki ne, mita 12, minti 45, kowa da tocila biyu, an rataye fitila mai walƙiya a ƙarƙashin tsani. Rabin mutane sun ce barci ya fi musu, ban ga laifinsu ba.

Bayan cin abinci wani ya yi ƙorafin kafaɗa. Aka tambaye shi: ciwon yana canzawa idan ya motsa hannun? Akwai sanyin jiki, ko kaikayi da tabo-tabo a fata, ko gajiyar da ta wuce misali? Aka sa shi ya tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ido a rufe, ya matse yatsun mai duba shi da hannu biyu. Komai daidai, kuma ciwon yana tashi ne kawai in ya ɗaga hannu, a kafaɗar da yake jawo jikinsa da ita zuwa cikin kwale-kwale. Duk da haka gobe ba zai yi na asuba ba, za a sake duba shi kafin ya kwanta da kuma in ya tashi. Da akwai ko alama ɗaya, oksijin zalla za a sa masa nan take, a kira likitan nutso ta wayar tauraron ɗan'adam, jirgi ya kama hanyar gari. An duba babbar silindar oksijin: lita 50, bar 150, wato lita 7,500. A lita 15 kowane minti, awa takwas ke nan ga mutum ɗaya, huɗu in su biyu ne.

Cajin batiran kamara da tocila a teburin waje kaɗai ake yi, kuma ƙarfe goma ake cire komai daga soket. Tun gobarar da ta kashe mutum 34 a wani jirgin nutso a gaɓar Kalifoniya a 2019, inda bincike ya nuna babu mai gadin dare da yake zagayawa, babu kyaftin mai hankali da yake wasa da wannan. Ma'aikata suna karɓa-karɓa har asuba.

Gobe da sassafe za mu nufi Sanganeb mai hasumiyar fitila, jibi kuma Umbria, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan kusa da Port Sudan a watan Yunin 1940, da bama-bamai maƙare a cikinsa. Masu tashi a jirgin sama ranar Juma'a da yamma dole su fita daga ruwa kafin la'asar ɗin Alhamis. Awa 18 ne mafi ƙarancin tazara bayan kwanaki ana nutso, mu 24 muke bayarwa. A tuna wa injiniya matatar kwamfuresa saura awa biyu, ya canza ta kafin cikon safe.