Talata da daddare: ƙanena da labarin Ponzi

Da hantsi ƙanena ya shigo shago yana ta zumuɗi. Wai akwai wata harka a waya, ka zuba dubu ɗari, bayan wata guda ka ɗauki dubu ɗari da hamsin.

"Yaya, wallahi abokina ya ciri nasa."

Na ce Ponzi ce. Ya ce shi Ponzin wane ne? Sai na yi tsuru, don kalmar kawai nake ji a rediyo. Kunya ta sa bayan la'asar, da ciniki ya lafa, na zauna na binciko.

Ashe mutum ne, Charles Ponzi, ɗan Italiya mazaunin Boston a Amurka. A 1920 ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, wai yana cinikin takardun gidan waya da ake musanyawa da kan sarki. Alhali da kuɗin sababbin shiga yake biyan waɗanda suka riga su. Da yake ta gidan waya yake aika wa mutanensa wasiƙu, da laifin zamba ta wasiƙa aka kama shi. Shekara biyar aka yanke masa, ya yi uku da rabi.

Abin da ya biyo baya ne ya ɗaure min kai. Jihar Massachusetts, inda Boston take, ta sake ɗaure shi, aka ba shi beli yana ɗaukaka ƙara, sai ya zarce Florida yana sayar wa mutane fadama a matsayin filaye. Mai hali dai! Da ya ga asiri ya sake tonuwa a 1926, ya aske kansa ƙwal, ya tara gashin baki, ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Italiya a matsayin ma'aikaci. Jirgin na tsayawa a New Orleans aka cafke shi. Har Shugaba Coolidge na Amurka da Mussolini na Italiya ya roƙa, babu wanda ya kula shi. Aka mayar da shi Massachusetts, bai fito ba sai 1934, aka tasa ƙeyarsa zuwa Italiya. A 1949 ya mutu a Brazil, ba ko sisi.

Bayan isha'i na kwashe duka na faɗa wa ƙanena. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗan yi shiru.

"To Yaya, amma ai waɗanda suka shiga da wuri sun samu, ko?"

Gobe da sassafe zan je wurin Hajiya, kafin ya riga ni. Na san a kuɗin adashinta ya sa ido.