Abin da zaman baƙunta a Abuja ya koya mini

Tunda na miƙa takardar ajiye aiki, abokan da muka zauna ofis ɗaya suke tambayata dalilin komawata Damagaram, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan, ko zai amfani wani ɗan Nijar da ke shirin tsallako iyaka.

Bahaushen Nijar ba ya saurin jin baƙunta a Abuja, domin a kasuwar Wuse da tashar Jabi da Hausa ake ciniki, kuma a masallacin unguwa babu mai tambayarsa fasfo. Hukuma kuwa takarda take dubawa. Yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ba ɗan yankin damar shigowa ba tare da biza ba ya zauna kwana 90, amma wanda zai daɗe yana aiki sai ya mallaki katin zama daga Hukumar Shige da Fice, kuma duk lokacin sabuntawa ana neman in kawo wasiƙa daga wurin aikina. Da wannan wasiƙar shugaban sashenmu ya riƙe mini wuya.

An buga ta, sa hannunsa kawai take jira, amma tana kan teburinsa ƙarƙashin kofin shayi har zoben kofin ya fito a jikinta. Idan na ce, "Ranka ya daɗe, katina ya kusa ƙarewa," sai ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, "Malam, ai wasiƙa ba ta gudu, ka gama mana fassarar nan tukuna." Haka nake kwana ina fassara rahotannin Faransanci, a kai su sama da sunansa, ni kuma ba ni da bakin magana, domin ya san wanda zamansa ya rataya a kan sa hannun wani ba ya kai ƙara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wa Nijar wutar lantarki, ya sami abin zolaya, a gaban kowa yake ce mini "ku da sojojinku", alhali a lokacin ko hanyar kai wa mahaifiyata magani ban da ita. Wasu sun yi dariya, kuma ina sane da su. Da ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025, sai ya riƙa tuna mini cewa yanzu alfarma ake yi mini.

Saboda haka duk baƙon da zai karɓi aiki a nan, ya sa a rubuta cikin yarjejeniyar aikinsa wanda ke da alhakin takardun zamansa da lokacin da za a ba shi su, kuma ya adana kwafin duk aikin da ya fita daga hannunsa.

Sauran darussan ba su kai wannan ɗaci ba. Kuɗin haya na shekara guda ake biya gaba ɗaya, don haka unguwar bayan gari irin Mararraba ko Kubwa ta fi dacewa da sabon zuwa, in zai jure cunkoson safiya. Kada ya yi wa gida alkawarin adadin sefa, domin tun da naira ta faɗi a 2023 abin da nake aikawa ya ragu ƙwarai alhali albashina bai canja ba. Ya kuma riƙe maƙwabtansa da kyau, domin wani tela ɗan Zariya ne ya tsaya mini wajen mai gida sa'ad da ofis ya yi shiru.

Rahotannin da suka rage na jera su a kan teburina kafin in fito, kuma na ji har yanzu ana neman wanda zai fassara su.