Sarauniyar da aka sa ta rantse kan cikinta

Ƙanina ne ya jawo duk wannan maganar. Shekara biyu kenan yana karatu a Krakow ƙasar Poland, ranar Asabar ya turo min hotuna a WhatsApp daga wani tsohon gidan sarauta da suke kira Wawel, a kan tudu yake bakin kogi, da babban coci a ciki inda suke binne sarakunansu. Ƙasan hoton ya rubuta, "Yaya akwai wata sarauniya kwance a nan, wallahi labarinta sak na Gwaggo." Lokacin ina shago a Aboabo nan Kumasi an ɗauke wuta, keken ɗinki ya tsaya, sai na jawo benci na fara bin labarin a waya, kuma har aka kira magariba ban tashi ba.

Sunanta Sofiya, a gidansu Sonka ake ce mata, 'yar gidan sarautar Halshany ce wanda yanzu yake cikin ƙasar Belarus. Tun tana ƙarama babanta ya rasu, a hannun kawunta ta tashi. A 1422 aka ɗaura mata aure da sarkin Poland, Yagello, ita tana wajen shekara 17 shi kuma ya haura 60. Mata uku ya binne kafin ita, ta farkon Yadwiga a 1399 ta rasu bayan haihuwa jaririyar ma bata rayu ba, ta biyun ta bar masa 'ya mace ɗaya tal, ta ukun bata haihu da shi ba. Mutumin da ya karya rundunar mayaƙan Jamusawa a Grunwald a 1410, gashi ya tsufa babu ɗa namiji, kowa a fada ya gama lissafin inda sarauta zata koma in ya rufe ido.

Sai yarinyar nan ta ɓata musu lissafi. Shekara biyu suka ja kafin ma su ɗora mata kambi, sai a watan Maris 1424, ƙarshen Oktoba na shekarar ta haifi namiji aka sa masa Wladislaw. A 1426 ta sake haifar namiji, wannan bai yi shekara ba ya koma. A 1427 ga wani cikin kuma.

A nan ne aka ce ai ba na sarki bane.

Aka kama barorinta mata guda biyu aka gana musu azaba har suka ambaci sunayen maza bakwai, dan Allah ku tsaya ku ji, bakwai, wa za a ɗaure ana azabtarwa ya ƙi faɗin abun da ake so ya faɗa? Wasu mazan aka kulle su wasu suka gudu. Ita kuma ga makokin ɗanta da bata gama ba, aka sa ta tsaya gaban manya ta rantse cewa bata san wani namiji ba bayan mijinta. Ƙarshen Nuwamba ta haifi Kazimir, ta rantse, aka wanke ta.

Nan na ajiye wayar don Gwaggo ce ta faɗo min. Ƙanwar babanmu ce, Allah ya jiƙanta, aka bada ita ga wani dattijo ɗan kasuwar goro a Asawase wanda ya shekara da shekaru 'ya'ya mata kawai gare shi. Da ta haifi namiji tun ranar suna aka fara ƙirga watanni da yatsu, a bakin famfo, a gidan biki, har a motar trotro mutum zai ji ana gulmar ba a san jininta na zaune a baya ba. Alhajin bai taɓa cewa uffan ba, ɗansa ne yana ɗaukarsa a kafaɗa zuwa masallaci. Sai da ya rasu aka zo rabon gado sannan dangi suka fito da maganar fili, aka kaita gaban malamai. Ina ƙarama amma na tuna dawowarta gida, bata yi kuka ba, ta zauna kan tabarma ta ce wa Mma "Yaya bani ruwa," hannunta na rawa har kofin ya zube. Alhali addini ya gama magana tuntuni, ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma a Suratun Nur wanda ya jefi mace bai kawo shaidu huɗu ba bulala tamanin ce tasa. Babu wanda ya kawo ko shaida ɗaya, babu kuma wanda aka daka.

Shi yasa da na ga lokacin da aka yi wa Sofiya nata ƙazafin ban yi mamaki ba. A Poland ta zamanin ba dole bane ɗan sarki ya gaji ubansa, sai manyan ƙasa sun yarda, kuma basa yarda kyauta. A 1425 sun rubuta takarda cewa zasu karɓi Wladislaw in sarki ya tabbatar musu da gatansu, da tsohon ya ja ƙafa a 1426 sai suka zare takubba a gabansa suka yayyanka takardar. Shekara na zagayowa sai ga zancen ciki. Ni dai a ganina duk wanda ya kunna wutar nan gado yake hange, kamar dai dangin Alhaji. Ko da 'yar kishiyar tata ta rasu a 1431 bayan doguwar jinya, ita aka sake nunawa da baki wai guba ta bata. Kuma mutumin da ya rubuta yawancin tarihin lokacin, Jan Dlugosz, yaron Bishop Olesnicki na Krakow ne, wanda shi da sarauniyar suka daɗe suna ja-in-ja kan mulki, to kun ga ta bakin wa labarinta ya iso mana.

A 1430 sarki ya sakar wa manyan abun da suke so, har da alkawarin ba za a kulle ɗayansu ba sai kotu ta yanke hukunci, su kuma suka ce zasu zaɓi ɗaya cikin yaran. Yagello ya rasu a 1434, aka naɗa Wladislaw bai cika shekara 10 ba, amma riƙon ƙasar bishop ɗin ne da mutanensa suka kama, uwar aka barta da ƙasar Sanok da mijinta ya bata.

Wannan wajen ne ya fi tsaya min a rai saboda mu nan Kumasi mun san wani abu daban. Wajen Tonawa Asantehemaa, wato sarauniyar Asante, kujerarta daban, fadarta daban, in kujerar sarki ta zama babu kowa ita ce ke fito da sunan wanda zai hau sannan manya su duba. A 1999 da aka naɗa Otumfuo Osei Tutu na biyu mahaifiyarsa ce Asantehemaa, Nana Afua Kobi. Ko a zango muna da magajiya wadda in ta yi magana a sha'anin mata an gama. Sofiya bata da ko ɗaya cikin wannan, babu wata doka da ta bata baki a majalisa, baƙuwa ce ma a ƙasar, a cocin Otodoks ta tashi sai da ta koma Katolika kafin auren. Duk abun da ta samu da bin mutane ɗaya bayan ɗaya ta same shi, ta jawo wannan ta lallashi wancan, tana tara masu goyon bayan 'ya'yanta.

Sannan ƙaddara ta sake bugunta. A 1440 aka ba Wladislaw sarautar Hungari ya tafi, aka tura ƙaramin Lituweniya yana ɗan shekara 12, gida ya zama babu kowa. A 1444 Wladislaw ya fita yaƙi da Sarkin Turkawa Murad na biyu, a Varna aka kashe shi yana shekara 20, gawarsa ma ba a samu ba. Ni Musulma ce kuma na san ɓangaren da ya ci yaƙin, amma uwa uwa ce, ace ko kabarin da zaki tsaya a kai babu. Poland ta zauna kusan shekara uku babu sarki, manya na son Kazimir bisa sharaɗinsu shi kuma ya ƙi, uwar ce ta dinga shiga tsakani har aka naɗa shi a 1447. Yaron da aka ce shege ne tun yana ciki, shekara 45 ya yi yana mulki, 'ya'yansa huɗu suka zama sarakuna, gidan ya riƙe Poland har 1572.

Da girma ya zo mata ta sa aka fassara Baibul zuwa harshen mutanen ƙasar wajen 1453 zuwa 1455, lokacin da littafin addini da Latin ake karanta shi talaka sai dai ya ce amin. Har yau da sunanta ake kiran wannan fassarar, duk da yawancinta ya ɓace a yaƙin duniya na biyu. Ta rasu a watan Satumba 1461, aka binne ta a ɗakin ibadar da ita ta gina da kuɗinta a cocin Wawel, wanda ƙanina ya ɗauko min ƙofarsa.

Da daddare na kai wa Mma hotunan ina bata labarin tana tsinke alayyafo. Bata ce komai ba sai da na kai wajen rantsuwar, ta ɗago ta ce "su barorin fa, an sake su?" Daga nan ta ce in kira mata ɗan Gwaggo a waya, yana Tamale yanzu da yaransa uku, ta ce ta kwana biyu bata ji muryarsa ba.