Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Surutun 'Yan Aji Huɗu

A makon jiya na tsaya ne a inda aka yi mini canjin wurin aiki bayan aurena, daga makarantar ƙauyenmu zuwa wata firamare a cikin birnin Kano. Yau ga labarin ajin da aka damƙa mini.

Aji huɗu ne, kuma duk malamin firamare ya san nauyinsa. Tsarin ilimi na ƙasa, a bugunsa na 2004, cewa ya yi a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekaru uku na farko, Turanci ya kasance darasi guda cikin darussa. Daga aji huɗu kuwa sai al'amari ya juye, lissafi da kimiyya da komai su koma cikin Turanci. Ke nan yaron da jiya-jiya yake koyon sunan launuka, yau ana so ya fahimci rabawa da harshen da ba a yi a gidansu, ba a yi a layinsu, ba a yi a kasuwar unguwarsu.

Yaran sun haura tamanin, wasu a benci, wasu a tabarma. Ina sa ƙafa suka miƙe, suka rero gaisuwa da murya ɗaya har ta kai bakin ƙofar makaranta. Na rubuta jimla a allo, na karanta, suka maimaita ba tuntuɓe. Raina ya yi fari. Sai na matsa kusa da wata yarinya a layin gaba, na ɗaga fensirinta, na tambaye ta da Turanci mene ne wannan. Ta sunkuyar da kai, ta kama gefen hijabinta tana murzawa. Na tambayi na kusa da ita, shiru. Jimlar da suka gama rerawa yanzun nan ita ce amsar, amma ba wanda ya iya ciro ta shi kaɗai.

Ni ba na raina maimaitawa. Da ita muka yi karatun allo, da ita muka haddace abin da har gobe yana cikin ƙirjinmu, kuma yaranmu suna da ƙarfin hadda da ya kamata a yi alfahari da shi. Amma amshi daban, magana daban. Idan yara tamanin suka amsa tare, bakin malama ne dai yake magana, su aron murya kawai suka ba ta. Ga kuma tarbiyyarmu: yaro ba ya dogon zance gaban babba, ba ya kallon ƙwayar idonsa. Ga monita da takardarsa yana rubuta sunan masu surutu. Ga dokar da aka daɗe ana yi a makarantu da yawa, ta hukunta wanda aka kama yana Hausa. An hana shi Hausa, Turanci bai zauna a bakinsa ba, to me ya rage masa in ba shiru ba?

Da dare na zauna na yi lissafi a bayan littafin tsara darasi. Darasin minti talatin da biyar ne. In na cinye ashirin da biyar da bayani, saura goma, wato daƙiƙa 600. Raba wa yara tamanin, kowa bai samu daƙiƙa takwas ba, shi ma in an bi su ɗaya bayan ɗaya ba a ɓata ko kaɗan ba. Amma in na haɗa su biyu-biyu, yara arba'in ne ke magana a lokaci guda, sauran arba'in suna sauraro suna jiran nasu.

Haka na fara. Na ce kowa ya kawo abin da ya samu: gwangwanin madara, kwalin ashana, ledar omo da aka gama da ita, marafan kwalba su zama kuɗi. Muka buɗe kasuwa a aji. Nakan tsaya da yaro ɗaya mu yi ciniki a gabansu, jimla uku kacal, a hankali, ina nuna kayan da hannu: "How much is this?", a faɗi kuɗi, mai saye ya ce ya yi tsada. Mu maimaita tare sau biyu. Daga nan in tafa hannu, kowa ya juya ga maƙwabcinsa, mace da mace, namiji da namiji, domin na lura in aka gwama su kunya ce ke cin lokacin. Ni kuma in rufe bakina in shiga tsakanin layuka ina saurare.

Rufe bakin nan shi ne aiki mafi wuya. Za ka ji yaro ya sa "f" a wurin "p", kamar yadda harshen Bahaushe ya saba, ko ya manta rabin jimla ya cike da Hausa, gyaran yana kan leɓenka. Na koya wa kaina haɗiye shi. In ka katse yaro a tsakiyar maganarsa ta farko, ta biyu ba za ta fito ba. Nakan riƙe kurakuran a kaina, in an gama in kawo biyu gaban allo mu gyara tare ba tare da na ambaci mai su ba.

Ana cikin wannan hidima wata rana sai ga hedimasta a bakin taga da bulala a hannu. Dattijo ne mai kishin aiki, tun zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, yake riƙe da alli. Ya yafito ni waje.

"Malama, lafiya? Tun daga ofis nake jin ajinki. Ko sun fi ƙarfinki ne?"

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, darasi muke yi. Don Allah ka shigo ka tsaya kusa da benci ɗaya."

Ya shigo yana gyaɗa bulala. Ya tsaya kan wasu yara biyu, ɗaya ya riƙe gwangwani ya kafe a kan naira ashirin, ɗayan yana cewa "No, ten naira" yana tura masa marafai. Ba su ma san yana wurin ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce mini, "To, ki dai riƙa rufe ƙofa saboda aji biyar." Bai ƙara ɗaga maganar ba.

Daga baya aka tura mu bita a ƙarƙashin ESSPIN, wani shirin tallafa wa ilimi, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa tun daga 2008 a jihohi shida, har da Kano da Kaduna da Jigawa. Na ji daɗin ganin aikin biyu-biyu da na rukuni ne ake ƙarfafawa. A karance-karancena kuma na ci karo da binciken wata Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, wadda ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya, kuma in suka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Na ɗauki wannan da hannu biyu. Yaron da zai fara nemo amsa da Hausa, ya lalubo kalmomin Turanci, ya kuma yi ta maza ya buɗe baki, daƙiƙa ɗaya ina za ta ishe shi? Nakan yi tambaya, in ƙirga biyar a zuciyata, kafin in nuna kowa.

Sai dai akwai inda na sha bamban da wasu abokan aikina. Sun dawo daga bita da fahimtar cewa gwanin malami shi ne wanda ba ya magana, su ba yara aiki su koma kujera. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Yawancin yaran nan ba su da inda za su ji Turanci mai kyau sai a bakina. Rijiyar da ba a bar ruwa ya taru ba, me guga zai ɗebo? Don haka ban rage maganata don ragewa ba, tace ta na yi. Dogon bayanin nahawu ya fita, tsawa da nanata umarni suka fita, labari gajere ya shigo, da hoto a hannu da kwaikwayo. Ranar sabon darasi ni ce mai yawan magana, kuma ba na jin nauyin haka. Washegari filin nasu ne.

Yarinyar nan mai murza hijabi ba ta yi magana gaban aji ba har zangon farko ya ƙare, amma da ƙawarta bakinta ba ya hutawa. A zango na biyu ta ɗaga hannu da kanta, ta faɗi abin da ta ci da safe, koko da ƙosai, cikin jimla biyu cikakku. Mahaifiyarta ce ta zo makaranta bayan haka, ba don godiya ba, don ta sanar da ni za a cire ta a ɗora mata talla. Yadda muka kwashe da ita da kuma zuwana gidansu, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.