Na Bi Sawun Jirgin da Bai Isa Ba

Wani ƙyauren ƙarfe ne a kusurwar maƙabartar Greyfriars ta Edinbura, babban birnin Sikotland, ya jawo wannan tafiya. Na tarar da shi a kulle, na leƙa ta tsakanin ƙarafunan, ban ga komai ba sai ciyawa da tsofaffin kaburbura. A wannan fili aka tsare fursunonin da aka kama a yaƙin Bothwell Bridge ranar 22 ga Yuni 1679, su wajen 1,200.

Laifinsu ya samo asali ne tun 1638, lokacin da mutanen Sikotland suka rattaba hannu a cocin nan na Greyfriars kan alkawarin cewa sarki ba shi da ikon tsara musu yadda za su bauta wa Allah. Shi ya sa ake kiransu 'Yan Alkawari. Da Sarki Charles na Biyu ya hau karaga a 1660, sai aka kori limaman da suka ƙi miƙa wuya daga majami'unsu, jama'a suka riƙa bin su cikin duwatsu suna ibada a ɓoye, sojoji na farautarsu, har suka ɗauki makami, aka ci su da yaƙi a Bothwell Bridge. Fursunonin Greyfriars sun shafe wata biyar a fili cikin ruwa da sanyi. Wanda ya sa hannu cewa ba zai sake ɗaukar makami ba, aka sallame shi. A tsakiyar Nuwamba aka kwashi mutum 257 da suka rage zuwa tashar Leith, aka cusa su a cikin jirgin ruwa mai suna Crown of London, za a kai su gonakin Turawa a ƙetaren teku a sayar da ƙarfinsu.

Jirgin bai wuce tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotland ba. Ni ma can na nufa.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Aberdeen, da yamma na shiga babban jirgin ruwa mai zuwa Kirkwall, babban garin Orkney, tafiyar kamar awa shida. Muna fita daga tasha teku ta fara jijjiga mu, cikina ya juya, na kasa shan ko shayi. To ni ina da kujera, da taga, da damar fita in shaƙi iska duk lokacin da na so. Su kuwa fiye da mako uku suka yi a cikin ramin jirgi, a cunkushe, babu wurin miƙe ƙafa, da yawansu ba su da lafiya tun daga Greyfriars, ga sanyin Disamba. Duk daren nan tunanin bai bar ni ba.

Da gari ya waye na ɗauki mota zuwa Deerness, gabas da Kirkwall. Wata siririyar ƙasa mai yashi ce ta haɗa yankin da sauran tsibirin. Daga inda mota ta tsaya sai ƙafa, ta gefen gonaki da shingayen tumaki. Babu itace ko ɗaya, iska kuwa kamar za ta ɗauke mutum. Daga nesa na hango hasumiyar dutse tsaye ita kaɗai a bakin gaɓa. An gina ta a 1888, allon da ke jikinta ya ambaci mutum 200 da ranar 10 ga Disamba 1679. Adadi kawai, babu sunan kowa.

Na matsa bakin gaɓar na duba ƙasa, nan jikina ya mutu. Duwatsun Scarva Taing, inda guguwa ta buga jirgin, suna nan kusa, kai ka ce jifa ɗaya za ta kai. Fursunonin sun roƙi a fito da su, kyaftin ɗin ya sa aka garƙame ƙofar ramin. Ma'aikatan jirgin suka sare doguwar sandar da ke tsakiyar jirgin, suka yi gada da ita suka haye tudu. An ce mutum ɗaya daga cikinsu ne tausayi ya kama, ya fasa katakon da gatari, kusan mutum 50 suka fito ta nan. Sauran ruwa ya ci su a kulle, ƙasa na gabansu. Da yawa daga waɗanda suka tsira ma an sake kama su, aka tura su gonakin da aka nufa tun farko.

Ni Musulmi ne, addinina daban da nasu, kuma na san su ma sun zub da jini a rikicin. Amma a rufe mutum a jirgin da ke nutsewa don kada ya kuɓuta, wannan zalunci ne da ba ya buƙatar tafinta.

Ina tsaye a wurin na kira yayana a waya. Ya ce, "Wace irin ƙara ce wannan nake ji?"

Na ce, "Teku ce, Yaya. Ina wurin da na ba ka labari."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna lillahi. An samu gawarwakinsu?"

Na gaya masa ruwa ya yi kwanaki yana turo su gaɓa, mutanen Deerness suka riƙa binne su nan kusa da duwatsun. Na duba ko'ina cikin ciyawar ban ga alamar kabari ba. Ruwan sama ya sauko, na jingina da bayan hasumiyar har ya tsagaita, sannan na kama hanyar komawa mota.